Ragon da ya zaɓa mata

Ina riƙe da takalmi zan buge wata tsaka a bangon ɗaki ƙanin maigidana ya yi sallama. Bai shigo ba. Daga bakin ƙofa ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Motarsu ta faɗi a hanyar Baure." Na ajiye takalmin.

Takaba zama ce, ni kuwa na kasa zama. In shiga ɗaki, in fito tsakar gida, in koma. A haka na fara lura da tsakokin da a da nake kashewa. Namijin yakan yi wani ɗan kuka kamar ana ƙyasta harshe, ya matso yana kaɗa wutsiya. Wani lokaci macen ta tsaya ya kama ta a wuya. Sau da yawa kuma ta shige bayan kwalla ta bar shi. Ashe ba kowa take karɓa ba.

Malam, maigidan nawa, ya taɓa gaya mini haka na yi masa dariya. Tumaki yake saye da sayarwa, amma akwai wata farar tunkiya balama da ya hana kowane rago ya kusance ta. Na ce masa, "Sai ka ce 'yarka za ka aurar."

"Ke dai ba ta dusa," ya ce. "Na ga mijinta a wani gida a Baure. In na dawo kya ji."

Wannan tafiyar ce bai dawo ba.

Bayan sadakar arba'in tunkiyar ta fara neman barbara. Ta ƙi harawa, tana kuka tana zagaye turke, ni ma ina zagaye gidan. Ƙanin nasa ya jawo ragonsa har zaure.

"Yaya, rago ai rago ne. Ko sai an kawo lefe?"

"Mai da abinka. Naka ƙahonsa ma a karkace yake."

Ya yi dariya, sannan ya share ido da bakin riga. Ranar kasuwa ya je Baure ya tambayi dillalai, ba wanda ya san gidan da yayansa ya shiga.

Sau uku ke nan lokacinta yana zuwa yana wucewa. Na fita takaba makon jiya. Tana nan a ɗaure, ban ba ta rago ba tukuna.