Hayatu, Mai Daidaita Fuskar Kwamfutoci

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Afrilu, 1998, mako guda bayan Babbar Sallah, Allah Ya karɓi ran Malam Hayatu Attahiru a gidansa da ke Runjin Sambo, bayan jinyar kwana shida. Shi ne mai kula da kwamfutocin ofishinmu na rabon takin zamani. Ni kuwa Arzika Mode, mai buga takardu a wurin tun zamanin da kuɗin mai ya cika gari, ni ne mutumin da ya fi kowa zarginsa.

Hayatu, a wurin zaman makokinka na ga mutanen da ba su taɓa amsa sallamarka ba suna sharar hawaye. Ban yarda da hawayen nan ba. Na ga ɗan kwangilar da ke son a zubar da aikinka a sayi nasa ya zauna a sahun gaba yana jan carbi. Amma kafin in tuhumi kowa, bari in fara da kaina.

Lokacin da ka zo, kwamfuta uku muke da su daga hannun 'yan kwangila uku, kowace manhaja da irin fuskarta. A ta farko, akwatin ajiyewa yana dama. A ta biyu, wurin nan dai shi ne na gogewa. Ta uku kuwa rubutunta ƙanana ne kamar ƙwayar gero, shuɗi a kan toka. Mutum ya tashi daga wannan kujera ya koma waccan, sai ka ce ya sauka a baƙon gari. Ni da na shekara ashirin ina kaɗa tafireta ba na duban hannuna, rana ɗaya na share sunayen manoman ƙauyuka huɗu.

Abin da na ɓoye wa kowa shi ne idona ya fara tafiya. A shekarun nan kuwa, soja ba sa jiran dogon bayani kafin su rage ma'aikata. Da an sani, da na koma gida da iyali goma sha ɗaya.

Sai ga ka ka duƙufa, wata uku cur, ba wanda ya sa ka. Ka mayar da fuskokin nan uku iri ɗaya: farin fili, baƙin rubutu manya-manya, koren akwatin ajiyewa kullum a ƙasa ta dama, jan akwatin gogewa can sama ta hagu, inda hannu ba ya kai wa da kuskure. Ka ce manhajojin ba uwa ɗaya ta haife su ba, amma ana iya ɗinka musu anko. Kowa ya yi dariya, ban da ni. Na tsare ka a bakin ƙofa na ce, "Wa yas sa ka wanga aiki? Mi kaka nema?" Ka ce, "Malam Arzika, aiki dai nika son shi yi sauƙi."

Sauƙi! Kalmar nan ita ta tayar mini da hankali. Na ce a raina, in aiki ya yi sauƙin da kowa zai iya, tsohon akawu ya zama kaya ke nan. Na kuma ce, mutumin da ke aiki ba lada, lallai akwai mai biyansa a ɓoye. Na lura da wanda kake gaisarwa, na lura da motar da ke sauke ka. Daga ƙarshe na zauna gaban ɗaya daga cikin kwamfutocin nan da ka gyara, na buga wa hukuma takarda marar suna, na ce ka daidaita su ne don ka riƙa sauya sunayen manoma ba a gane ba. Kwana biyu jami'an tsaro suna yi maka tambayoyi. Ba su sami komai ba. Ka dawo ka gaishe ni kamar kullum, har ka kawo mini goro. Ko goron nan sai da na jujjuya shi.

Ranar sadakar uku, maiɗakinka Sakinatu ta sa aka kira ni zaure. Ta miƙo ɗan faifan kwamfuta daga bayan labule, an rubuta sunana a kai da manyan baƙaƙen da ko ni na iya karantawa. Ta ce, "Yac ce in an kawo sabbin na'urori, a sa wanga, su koma yadda ka saba. Yac ce idon Malam Arzika ya tahi, amma hannunai na nan." Ta ƙara da cewa, "Takardar nan ma ya gan ta cikin na'ura tun ran nan. Yac ce kak ka damu."

Nan na tuna. Da na gama buga ta, na ji tafiyar mutum a baranda, na yi sauri in goge. Hannuna kuwa ya tafi inda ka koya masa zuwa sau dubu, ƙasa ta dama, ya ajiye ta. Shekara guda kana zaune kusa da ni da sanin wannan, kana ƙara mini girman rubutu duk bayan 'yan watanni, ni ina cewa na'ura ce ke lalacewa. Wallahi kunya ta ishe ni, Hayatu, kuma ba ka nan balle in roƙe ka gafara.

Na san wannan rubutu zai kai teburin shugaban ofis, ya san halin idona, ya san wanda ya buga takardar. Abin da zai yi ya yi. Har yau a ofishin nan akwai masu raɗa cewa ba banza aka kira ka ba, kuma ni na dasa musu wannan magana. Ga ni na tsige ta da hannuna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Sakinatu, da 'ya'yanka Atika da Ɗanladi, da mahaifiyarka a Ƙofar Taramniya. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna makoma. Yadda ka rufa mini asiri ba da sanina ba, Allah Ya rufa naka ranar da babu abin da ke gogewa. Amin.