Akushin da Muka Mayar a Gidan Fatoma

Ban taɓa mantawa da yammacin da na tsaya a ƙofar ɗakin baƙi a birnin Kano, na mayar da akushin tuwo da hannuna, ina ganin dabara na yi. Tun da ku ne yanzu za ku riƙa bin kaya zuwa birni, bari in ba ku labarin daga farko.

A lokacin ina aiki a gidan Malam Buba mai saƙa, a Kwandiko ta ƙasar Gwaram. Ga wanda bai san tsarin irin wannan gida ba, maigida ne a sama, shi ke sayen auduga ya sayar da saƙa. Sai manyan masaƙa, sai masu koyo, sai mu mata masu kaɗi a can ƙasa. Ni ban da kaɗi ni ce mai tukunya. Mijina ya rasu ya bar ni da yara biyu, kuma daga tukunyar nan suke ci.

Malam Buba bai taɓa kai kayansa Kano ba. Fatake ne ke saye a kasuwar Birnin Kudu, su wuce da shi. A shekarar, bayan an gama kakar auduga, ya tara mu ya ce fataken sun matse shi, zai je da kansa. Ya faɗa a fili cewa in tafiyar ba ta yi riba ba zai rage ma'aikata, kuma kowa ya san daga ƙasa ake fara ragewa. Sannan ya dube ni.

"Talatu, guzuri yana hannunki. An ce a Kano ko ruwa sai da kuɗi. Ki shirya mana yadda ba za mu ci komai na birni ba."

Na ce to, amma ban san ta ina zan fara ba. Duk wanda na tambaya da tasa maganar. Wata tsohuwa ta ce in ɗauki har itace. Wani ya ce itace ba matsala, gishiri ne ke tsada. Wani ya ce a'a, gishiri ai daga can yake zuwa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin ganuwar Kano. A ƙarshe na haɗa gero taiki biyu, da kuka, da daddawa, da busasshiyar kuɓewa, da tukwane, da muciya.

Ranar ɗaure kaya jakuna suka kasa. Jatau, babban masaƙinmu, mutum ne mai tsokana, ya dubi tarin guzurin ya ce, "Talatu, fatauci za mu je ko ƙaura?"

Malam Buba ya dubi kayan, sannan ya ce a sauke saƙa daga jaki guda a ɗora gero. Haka muka bar kusan sulusin hajarmu a gida. Yarana na bar su wajen ƙanwata, muka shiga ayarin wasu fatake a Birnin Kudu, don a lokacin mutum ba ya bin hanyar nan shi kaɗai saboda mahara.

A hanya shirin ya yi kyau. A kowane zango ina dafawa, ba mu sayi komai ba. Madugun ayarin ne ya nuna mana gidan da za mu sauka a Kano, ya wuce tasa unguwar. Gidan Baba Tanko ne, fatoma, wato mai saukar da baƙin 'yan kasuwa, ya ajiye kayansu, ya kawo musu masu saye. Iyakar abin da muka sani ke nan.

Ya karɓe mu da fara'a, ya ba maza ɗaki a waje, ni aka ba ni wani ƙarami kusa da shiga cikin gida. Kafin magariba sai ga wata mata da akushi biyu, tuwon shinkafa da miya har da nama. Malam Buba ya ɗaga faifan, ya mayar ya rufe. Ya ce da ni a hankali, "Wannan da gani ba na banza ba ne. Ranar tafiya za a kawo mana lissafinsa. Mayar, ki yi godiya."

Na miƙa wa matar na ce, "Mun gode ƙwarai, muna da namu."

Ta dube ni, ta dubi akushin, ta karɓa ta tafi. Ni kuwa na nemo duwatsu uku na kafa murhu a tsakar gidan baƙi.

Daga washegari abubuwa suka rikice mana. Baba Tanko ya wuce mu da gaisuwa a taƙaice. Malam Buba ya tambaye shi masu saye, ya ce kasuwa ba ta buɗe ba. Amma wasu baƙi da suka sauka bayanmu, a gabanmu aka kawo musu masu saye, aka yi ciniki. Jatau ya ce ƙila faɗin saƙarmu ne bai yi wa mutanen birni ba, ya warware ɗaya yana aunawa da tafin hannu. Malam Buba ya ce ko dai wani ne ya yi mana baki tun daga gida. Suka ɗauki kaya kaɗan suka shiga kasuwa da kansu, duk wanda suka tara sai ya tambaye su, "Baƙin wa ne ku?" In suka faɗa sai ya ce, "To, ya zo da kansa."

Ni ma na shiga nawa tunanin. Na ce ko hayaƙina ne ke damun mutanen gida, na matsar da murhun bayan ɗaki. Ba abin da ya sauya. Na ce ko don ban kai wa matan gida komai ba ne. A wajenmu maƙwabciya ba ta sauke tukunya ba ta ɗiba wa ta kusa ba. Sai na tuƙa tuwo mai kyau, na sa daddawa sosai a miyar kuka, na aika wa uwargidan.

Ba a daɗe ba aka ce tana kirana. Inna Mairo sunanta, dattijuwa, tana zaune a tabarma da tuwona a gabanta. Na durƙusa na gaishe ta.

"Ke ce 'yar Gwaram mai murhu?"

"Ni ce, Inna."

"A garinku baƙo ne ke ciyar da mai masauki?"

Na ce a'a. Ta ce to me muka gani a tuwonta da muka mayar, ko ƙuda ne a ciki? Sai na faɗi gaskiya, na ce tsoron kuɗinsa muke yi. Matan da ke wurin suka yi dariya, ita ba ta yi ba.

"Wane kuɗi? Tun da aka kafa gidan nan ba a taɓa karɓar ko wuri ɗaya a kan tuwo ko ɗaki ba. La'adar ciniki ita ce tamu, ku ci ko kada ku ci. Yanzu ga shi unguwa ta ɗauka, ana cewa baƙin Tanko da kansu suke girki. Wa zai ƙara sauka a gidan da ake faɗin haka? Kuma shi maigida, in ya kai mutum gaban mai saye, sunansa ya jingina. Yaya zai tsaya wa wanda ya ƙi cin abincinsa?"

Na ce, "Inna, wallahi ba mu sani ba."

"Na ga alama. Mai raini ba ya sa daddawa haka." Ta ɗan gutsuri tuwon. "Je ki tashi murhun nan."

Da na fito na tarar da Malam Buba a zaure. Na tsuguna nesa kaɗan na gaya masa, ban ƙara ba ban rage ba. Jatau ya ce, "Wato geron da muka yi wa rakiya tun daga Kwandiko, yawon ganin gari ya zo."

Malam Buba ya tashi ya je ya ba Baba Tanko haƙuri. Da yamma aka kawo akushi, muka cinye har muka suɗe. Daddawar da kukar na kai wa Inna Mairo tsaraba, geron kuma fatoman ne ya sayar mana. Washegari ya kawo masu saye, kaya suka ƙare kafin azahar, suna tambayar ko akwai saura. Saura kuwa yana gida.

Riba ba ta kai yadda aka so ba, kuma duk hanyar dawowa zuciyata na kan yarana. Sai da muka wuce Sundimina Malam Buba ya rage tafiya har na iske shi. Ya ce, "Ni na ce ki mayar da akushin. Ki riƙe tukunyarki." Ba a sallami kowa ba a shekarar, don Baba Tanko ya ce a kawo masa ragowar kafin damina, kuma aka kai.

Abin da na koya shi ne, kafin ku shirya guzurin birni, ku nemi wanda ya taɓa kwana a can, ba wanda ya ji labari ba. Guzuri na hanya ne, iyakarsa ƙofar gari. In kun sauka a gidan fatoma aka kawo abinci, ku sa hannu ku ci a inda za a gan ku. Mutanen wannan sana'a ba sa riƙe amanar kayan wanda bai yarda da tuwonsu ba.