Furar da ta kwana a tiyo

Assalamu alaikum. Masu tambaya ko na bar Gaya ne da kuka daina ganina a hanya, ban yi ƙaura ba, kwance nake. Sai yau na ji zan iya yin bayani.

Kun san jakar ruwan nan da nake goyawa in zan yi gudu, mai tiyo da ke zuwa baki. A gwanjon Malanbil na saye ta, don ina shirin gasar dogon zango a Doso, kuma hanyar Bengu ba inda mutum zai sayi ruwa. 'Yan kabu-kabu har tsiya suke mini, wai ga mai gudu da serom, ledar ƙarin ruwan asibiti, a baya. Ashe bakinsu zai kama ni.

Wata safiya ruwana ya ƙare kusa da gonar wani dattijo, Baba Alu.

"Ɗana, ruwa zalla ba ya riƙe ciki," in ji shi. "Buɗe salkar taka."

Ya juye mini fura da nono a ciki. Wa zai mayar da hannun babba? Na yi godiya. Daga ranar, duk na biyo sai ya zuba.

Ina ɗauraye jakar in na dawo. Wanda ya sayar mini bai ce tiyo ma yana son wanki ba, rubutun jikinta kuwa ba Faransanci ba ne.

Zazzaɓi ya fara, da ciwon kai. Kowa ya ce palu ne, zazzaɓin cizon sauro, na sayi magani a farmasi na ci gaba da gudu. Sannan cikina ya ɗaure, ko riga ta taɓa shi sai na yi ƙara.

A lopital, wato asibiti, aka yi analiz ɗin jini, aka ce tifoyid ce, ta huda hanji. Ambilans ta kwashe ni zuwa Doso. Matata Ramatu ce ta sa hannu aka yi aiki, ita ce kuma ta sayar da keken ɗinkinta don ordonansi, takardar sayen magani, ba ta jira.

Na ji tsoro ƙwarai. Da za a shiga da ni ɗakin aiki, tunanina ɗaya, wa zai riƙe mini 'yata.

Da na farfaɗo, likita ya tambayi abin da nake sha. Ramatu ta kawo jakar, ya tsaga tiyon da reza. Cikinsa baƙi ƙirin, yana yauƙi, ga tsami.

"Malam, ba zan rantse daga nan ciwon ya fito ba," ya ce, "amma wannan kake tsotsa."

Abokan da muke fita gudu tare kuwa, hotunan addu'a suka yi ta turowa a gurup. Mutum ɗaya ya tako, Isufu. Na ji daɗi har na yunƙura zan zauna. Ya yi sannu, ya sosa ƙeya.

"Aboki, tunda dai gasar ta wuce ka, ko za ka ara mini jakar?"

Ɗinki na cikina, robar fitsari na rataye a gado. Na ce Ramatu ta nuna masa tiyon. Ya juya shi, ya ce, "To ai ana canzawa." Ya saɓa jakar ya tafi, bai sake dawowa ba. Abin ya fi wuƙar likita yi mini zafi, kuma har yau bai huce ba.

Yanzu alhamdu lillahi ina takawa zuwa bakin kogi in dawo. Gudu kuwa, likita ya ce in manta da shi tukuna.

Na gode wa Allah, na gode wa ma'aikatan da suka yi ɗawainiya da ni. Ramatu, ba ni da bakin gode miki.

Masu irin wannan jaka, ruwa mai tsabta kawai za ku zuba. Ku wanke tiyon da ruwan ɗumi da sabulu, ku rataye shi ya bushe. In babba ya ba ku fura, ku karɓi ƙwaryar ku sha a gabansa. Zazzaɓin da ya ƙi jin magani kuma, ku je a gwada jini.

In kun je gaida mara lafiya, ku bari a ga ko zai tashi kafin ku fara rabon kayansa.