Gilashin da Inna Ta Wanke

"Na goge maka shi da toka, dubi yadda ya yi fes!" in ji Inna, tana miƙo min ɗan gilashina.

A shekarun saba'in ne, na zo hutu Maruta daga jami'a. Wata uku na sha kafin siririn shafen sinadarin nan ya zauna a kan gilashin. A ido baƙi ne, amma hasken zafi yana ratsa shi, abin da nake aunawa ke nan. Ita kuwa ta ɗauka hayaƙi ne, irin na fitila.

Na haɗiye yawu na ce, "Sannu da aiki, Inna."

Na sake wani, na gama karatuna lafiya. Amma gogaggen nan ne har yau a akwatina.

Ku fa, wa ya taɓa yi muku ɓarna saboda ƙauna?