Malamar Da Ta Koya Mana Turanci A Bakin Murhu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malama Zainab Yahaya a gidanta da ke Kwarbai, cikin birnin Zazzau, bayan gajeriyar jinya.

Malama, tun da kika ajiye aikin koyarwa, madafarki ta zama ajinmu, mu matan aure da Turanci ya hana ci gaba da karatu. Ni na zo miki bayan na sha faɗuwa jarrabawa. Maigidana ya ce wannan zaman jarrabawar shi ne na ƙarshe, in na sake faɗi, maganar makarantar ungozoma ta mutu. Na shigo rungume da littafi, kika miƙo mini ludayi, kika ce a nan da Turanci ake girki.

Kafin miya ta tafasa kin gano ciwona. Kowace kalma sai na liƙa mata "the", har abubuwan da ba a ƙirgawa, irin su ruwa da manja. Ba ki yi dogon bayani ba. Duk wadda ta ambaci gishiri sai ki tare ta: "Wane gishiri, 'yar nan? Na duniya duka, ko na cikin kwanon nan?" In na duniya ne, kalmar ta fita ita kaɗai. In wanda muke gani ne, a sa masa "the". Shi ke nan.

Ba zan ce kina da sanyin hali ba. Na sha ƙona miki miya ba ki ce uffan ba, amma in na ɓata jimla, har maƙwabta sai sun ji. Na ci jarrabawar, yau ungozoma ce ni. Da na kawo miki albishir, cewa kika yi in wanke hannu in yanka albasa.

Ranar addu'ar uku, mu ɗalibanki muka taru a madafar muna yi wa masu zaman makoki abinci. Ɗayarmu, Su'ad, ta ce a miƙo mata gishiri. Muka tsaya gaba ɗaya, muna jira. Babu wadda ta tambaye ta wane gishiri. Sai a lokacin na yi kukan rashinki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki, Nura da Hidaya, da dangi, da matan Kwarbai. Allah Ya ba mu haƙuri.

Maimuna Suhail, Tukur-Tukur, Zariya