Yaron da Ya Koyi Begila a Tsaye

Shekarun da na yi ina koyarwa a wata firamare a Sabon Birni, ni ke kula da 'yan faretin makaranta, don kawai na taɓa busa begila a kwalejin horon malamai. Abin da nake fara koya wa yara shi ne inda iska take fitowa. Yaro yakan cika kumatu, ya ɗaga kafaɗu, ya busa, sai ka ji kamar kukan akuya. Nakan sa su kwanta rigingine bisa tabarma, in ɗora wa kowa ƙwaryar yashi a cibiya, su ja numfashi har ƙwaryar ta ɗaga, sannan su sake shi a hankali.

Daminar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukan bayan Gangara, mutane suka cika mana azuzuwa da tabarmi da tukwane. Karatu ya tsaya, amma mun ci gaba da busa bayan la'asar. Cikin baƙin akwai wani yaro siriri da suka zo da kakarsa. Ya roƙe ni in sa shi, na amince. Da na ce ya kwanta, sai ya ja da baya. Kakar ta kira ni gefe ta gaya mini cewa ranar da aka shigo garinsu an kwantar da mazan a ƙasa, da shi da ubansa. Shi ya tashi, uban bai tashi ba.

"Malam, za ni yi a tsaye," in ji yaron.

Haka muka yi. Ya jingina da bango, na dafa cikinsa, ina cewa ya ture hannuna da iska. Numfashinsa a maƙogwaro yake tsayawa, gajere, kamar na wanda ke ɓuya. Mun daɗe a haka kafin wata rana sauti ya fito dogo, garau, bai karye ba. Yana sauke begilar jiri ya kwashe shi, don tun safe bai sa komai a baki ba. Daga nan matata ta riƙa dama mana kunu kafin mu fara.

Ba a jima ba matan da ke azuzuwa suka kai kuka wurin hedimasta. Ƙarar tana tsinka musu zuciya, har wata ta saɓi goyonta ta ruga, ta faɗi ta karye a hannu. Hedimasta ya ce in kulle begilolin, ban kuwa yi masa musu ba. Muka koma hura ruwa a kwano da tsinken kara, wanda kumfarsa ta fi daɗewa shi ya ci. Kusan kullum yaron nan ke ci.

Da gero ya nuna, kakar ta ce za su koma ƙauye su yanke, don yunwar gari ma kisa take yi. Na ce ta bar mini shi. Ta ce, "Ɗana, wa za ya ɗaukar min dami?"

Wasu 'yan kasuwa da suka biyo hanyar garin Isa ne suka kawo labarin 'yan bindiga sun sake shiga garin su yaron, sun kora samari daji. Kakar ta dawo ita kaɗai, ta shimfiɗa tabarmarta a ajin da suka taɓa zama. Na je na gaishe ta, ta amsa, ta kau da kai. Shekarar da ta biyo aka mai da ni Sakkwato. Duk wanda ya zo daga Sabon Birni nakan tambaye shi labarin yaron, har yau ban sami wanda ya gan shi ba.