Kaset Ɗin da Kawu Ba Ya Kunnawa a Madina

Ko an ce in manta da ranar da muka fita da Kawu bayan Bi'ir Ali, ba zan iya ba.

Kawu direban motar alhazai ne a Madina, daga Sudan ya zo. Tun yana saurayi wani Baturen jirgin ruwa ya ba shi kaset na wasu makaɗan Ingila, irin waɗanda suka yi faifai ɗaya suka watse, babu wanda ya san su. Jitarsu kamar injin markaɗe, mawaƙin kuma sai ka ce an taka masa ƙafa. Na sha tsokanarsa a kai. Amma bai taɓa kunna shi cikin gari ba, sai ya wuce Bi'ir Ali, miƙatin da ke bakin gari inda alhazai ke ɗaura harami, motar ba fasinja. Cewa yake, "Ba a ɗaga murya kusa da Manzo."

Da tsufa ya zo, mantuwa ta kama shi. Ya daina magana, matarsa ma kallon baƙuwa yake mata. Ita ba ta da wani buri sai ya sake gane ta ko sau ɗaya.

Ni da iya yi, na zaƙulo kaset ɗin na kunna masa a ɗakinsa a unguwar Khalidiyya. Sai ya toshe kunnuwa. Na kashe da sauri, kunya ta rufe ni.

Matarsa ta ce, "Ya waladi, ɗana, a cikin Madina ka sa masa? Haba! Ɗauko sayyara."

Na ɗauko motar, muka sa shi a gaba, ita a baya. Da muka bar masallacin miƙati a bayanmu, na tura kaset. Jita ta ɓarke. Yatsunsa suka fara buga gwiwa. Can ya waiwaya, ya daɗe yana dubanta, ya ce, "Hajiya, yi haƙuri. Na san har yau ba kya son wannan hayaniyar."

Tana kuka tana dariya ta ce, "Wallahi yau ina so."

A hanyar dawowa, da hasumiyar Bi'ir Ali ta bayyana, shi da kansa ya miƙa hannu ya kashe.

Bai ƙara magana ba har ya rasu. Ni na ɗauka kiɗan kawai zai tuna, ashe ladabinsa ya fi kiɗan zama a ransa. Tun ranar na koyi cewa in za ka kai wa mutum abin da yake so, kai masa a inda ya saba karɓarsa.